Hukuncin Tukur Mai Shayi Kan Sabon Fim

Tukur mutumin Maradun ne, amma ƙuruciyarsa a Gusau ya yi ta yana karen mota. A can ya kamu da son sinima. Akwai wani fim na jirgin da ke yawo tsakanin taurari, kashi-kashi ake kawo shi, kuma babu kashin da ya wuce Tukur. Cikin ma'aikatan jirgin akwai wani mutumin ƙarfe mai tafiya da ƙyar kamar an sa wa mutum garwa. 'Yan kallo suka laƙaba masa Sangami. A kashin ƙarshe Sangami ya tare wuta da jikinsa don mutanen jirgin su tsira, ya narke. Tukur ya fito sinima ranar yana share ido da hula.

Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonar gidansu. Abin ya yi masa ciwo, amma bai zauna ba. Ya kafa teburin shayi a bakin sansanin ma'aikata, hanyar Talata Mafara. Duk wanda ya sha shayinsa sai ya sha labarin Sangami.

Wata Asabar Yunana, makanikin da ke kula da injin wutar sansanin, ya zo da saurinsa. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam Tukur, Turawa sun kawo fim ɗinka, amma sabo ne, an sake shi tun daga farko. Bayan magariba za a haska."

"An sake shi? Mi ya sami na da?" in ji Tukur.

Duk da haka ya rufe tebur da wuri, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a sahun gaba. Tun daga farko ya fara tsaki. Jirgin ya yi ƙyalli fiye da kima. Kiɗan nan mai sanyi da ya sani an maye shi da hayaniya. Sangami kuwa ya rame, yana tsalle kamar ɗan akuya.

Ana tsakiyar kallo injin ya mutu. Yunana ya duba ya ce sai an samo wani ƙarfe daga Sakkwato. Mutane suka fara guna-guni, sai Tukur ya miƙe ya ƙarasa musu labarin, har da muryar kyaftin ɗin jirgin da ƙarar wuta. Da ya kai mutuwar Sangami, wani direban tifa mai suna Falalu ya ce shi kam ba zai dawo ya ga wannan baƙin ciki ba.

Asabar ta zagayo, an gyara injin, kowa ya dawo kallon fim, har Falalu. Wutar ta taso yadda Tukur ya faɗa, Sangami ya tare ta. Tukur ya sunkuyar da kai. Can sai ya ji ihu. Ya ɗago ya ga kyaftin ya koma cikin hayaƙi ya jawo Sangami, hannun Sangami ɗaya ya ƙone amma idanunsa na haske.

"Ya tsira! Wallahi ya tsira!" Tukur ya rungume Falalu yana dariya har da hawaye.

Washegari aka cika teburinsa ana jiran hukunci. Ya gama fifita wuta tukuna, sannan ya ce, "Na da ya fi kiɗi, ya fi natsuwa, mutanensa sun fi kama da mutane. Wanga gaggawa gare shi. Amma wanda ya shirya shi yana da tausayi, na yafe mai sauran."

Falalu ya ce sabon ya fi ta ko'ina, aka yi ta musu har rana ta take.

Da aikin dam ya ƙare sansanin ya watse, Tukur ya sami fili a bakin kanal wajen Bakura ya koma noman rani. Yunana ya zauna Mafara ya buɗe gareji, kuma duk kakar tumatir sai kwando ya iso masa daga Bakura.