Rabin Furar Kaka

Jiya a kasuwar Filinge na ga wani jan kwikwiyo mai naɗaɗɗiyar wutsiya, sai Kaka, mahaifin babana, ya faɗo mini a rai.

Zamanin soja ne, shekarar fari, ya shigo da irinsa gida, karen da ba ya haushi sai ɗan guɗa. Inna ta ce, "Baba, hatsin yara bai isa ba, ga najasa. A maida shi."

Ya ce, "Ɗiyata, ba hatsinki zai ci ba, rabona ne. Wannan ko yunwa ta kama shi ba ya faɗi, sai an lura."

Ya ja layi da sandarsa a rairayi, ya yi ta maida kwikwiyon baya da taushin murya, har ya daina kusantar buta da buzun salla. Kullum da hantsi suna zaga gonaki, su dawo Kaka ya zuba masa rabin furarsa a sakaina.

Karen ya rayu, ya yi kyau. Sai da na girma na gane Kaka ma bai taɓa cewa yana jin yunwa ba, kuma ba wanda ya lura.

Allah ya jiƙansa, ya ƙosar da shi da abincin Aljanna.