Wanda Na Gayyata Cikin Kwale-kwalena

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. A daminar shekarar da aka samu mulkin kai ne, ina aikin kafinta a Fadaman Mada. Na taɓa zama Makurɗi shekara uku, can na koyi tuƙin kwale-kwale, abin ya shiga raina, shi ya sa da na dawo gida na haɗa nawa da katako da kwalta, mutane suna ta cewa kafinta ya zare. Su suka sani. Ni dai in fadama ta cika ta zama tafki, bayan la'asar sai in shiga in yi ta zagaye ina shan iska, ba kifi nake nema ba, daɗin kawai nake ji.

Maƙwabcina Buba, Bafulatani mai 'yan shanunsa a bayan gari, ya matsa sai ya ɗanɗana. Ko kusa bai iya ruwa ba. Innarsa ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Kafinta, shi kaɗai gare ni, amana ce." Na ce ta kwantar da hankalinta.

To ga inda na yi wauta. Da zan tura jirgin, sai tsokana ta motsa mini, na juya bakin tafkin da ba kowa, na kwaikwayi 'yan tasha na ce, "Saura mutum ɗaya, mai zuwa ya shigo." Buba na gaba, ina tsakiya, bencin baya fanko.

Ko tuƙi goma ban yi ba na ji bayan jirgin ya nutsa, irin yadda yake yi in ƙaton mutum ya zauna. Ni na ƙera abina, har layin fenti na ja a jikinsa, mutum biyu ba sa kai ruwa ga layin. Na leƙa, ruwa ya shanye layin, saura yatsa biyu ya kwararo ciki. Aka fara yayyafi, na waiga, ko'ina ya jiƙe ban da tsakiyar bencin nan, a bushe ƙamas, daidai mazaunin mutum.

Na karkata filafili in koma, jirgin ya ƙi, ya kwanta gefe, ruwa ya fara shigowa. Ba kaina nake ji ba, ni zan iya fita da iyo. Buba nake kallo, ina tunanin abin da zan gaya wa tsohuwar nan.

Buba bai ko waiga ba, ya riƙe gefen jirgin da hannu bibbiyu, ya ce a hankali, "Kafinta, kai ka kira shi. Ba a ɗauko baƙo a mayar da shi inda aka same shi. Kai shi ƙetare."

Haka na miƙe jirgin, ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike, bakina na ta Ayatul Kursiyyu, Buba na kwashe ruwa da hularsa. Tafkin da nake ƙetarewa ina waƙa, ran nan ya ƙi ƙarewa. Da muka taɓa ƙasa na ce, "Mun iso, a sauka lafiya." Jirgin ya yi sama nan take, ciyawar bakin ruwa ta kwanta, sai yayyafi ya fara jiƙa bencin.

A can muka bar jirgin, ko ɗaurewa ban yi ba, muka zagayo da ƙafa. Na kai Buba har gaban Innarsa, ban iya haɗa ido da ita ba.

Da safe na tarar da jirgina a wannan ɓangaren, a ɗaure jikin turkena, da wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba. Ban kwance ba, a nan ya ruɓe. Har yau ban san ko dawo mini da shi aka yi, ko baƙon ne da kansa ya dawo ba.

Don Allah in kun ga wuri ba kowa, ku kama bakinku, kada ku ce a shigo.