Kukan Murfin Akwati

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ƴaƴan mutane a lakkwal, ban taɓa sanin bambancin kile goma da kile sha uku ba sai da na aje alli, gwiwoyina suka fara yi mini gardama. Kile shi ne abin kwance noti, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa sifana. Mijina yana da su cikin wani koren akwatin ƙarfe, a ɗan ɗakin da ke jikin zaurenmu nan Madarumfa, ɗakin da shi kaɗai yake kira gareji. Da can direba ne, ya daɗe yana jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya. Da bayansa ya gaji da kujerar mota sai ya dawo gida, yana gyara wa masu garka, wato lambu, na bakin tabki injinan ban ruwa, wani lokaci da ƙafar amalanke.

Akwatin nan ba a taɓa shi. Ni da na haifa masa ƴaƴa biyar, in na ce ya ba ni guduma in kafa ƙusa, sai ya taso ya kafa mini da kansa. Murfin yana da wani kuka in an ɗaga shi, kamar an taka wutsiyar mage. Na sha ce masa ya ɗiga masa mai, mutum yana gyara injin kowa amma ya kasa gyara murfin akwatinsa. Sai ya ce, "Madam, bar shi. Shi ne mai gadina." Madam yake ce mini tun ina aiki, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Wata safiya bayan an gama girbi ya sunkuya zai ɗauki buta, bai miƙe ba. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Muka yi kwana ashirin a asibiti a Maraɗi. Ranar da za a sallame mu likita ta ja ni gefe ta ce magani kan lokaci, a rage gishiri, kuma kada a bar ransa ya ɓaci, don in abin ya sake dawowa ba lalle ya tashi ba. Na riƙe maganar nan kam. Muka kwantar da shi a ɗakin da ke kallon zaure saboda ya fi samun iska.

Ba zan ci amanar mutanen garinmu ba, sun zo dubiya. Wannan ya kawo kifi, wannan tumatir, wannan ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. To amma in mutum ya fito zai sa takalmi, sai ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Madam, Allah shi ba Malam lahiya. Wallahi motopom ɗina na ban ruwa ne ya tsaya, albasa na ƙonewa. Ko a ara mani kile goma, in maido da la'asar?"

Yaya zan ce a'a ga wanda ya ɗauki mijina a kafaɗa ya sa a mota? Sai in shiga gareji in ɗaga murfin a hankali, in ce ya duba da kansa, tun da ni ban san wanne ne ba. La'asar ɗin nan kuwa har yau ba ta yi ba. Daga kile aka koma turnabis, wato sukudireba, aka koma awartaki, aka koma guduma. Ni kuma lokacin ina juya babban mutum a kan katifa, in wanke shi, in ba shi kunu a cokali, in wanke zannuwa. Wa yake da sauran ƙarfin bin bayan ƙarfe? Cikin wata bakwai akwatin ya koma fayau, ba komai sai tsumma da guntun magagari. Ƴan dubiya ma sun ja baya. Ban yi mamaki ba, na san ciwo in ya daɗe kowa gajiya yake yi.

A hankali magana ta fara dawo masa, ɗai-ɗai, da ƙyar. Ya ce ruwa. Ya ce salla. Ran nan ina gyara masa matashi ya dube ni ya ce, "Akwati."

Na ce sai ya ƙara ƙarfi. Washegari ya sake faɗa, na ce na manta inda na sa makullin gareji. Kwana na uku ya ɗaga yatsa na hagu ya ce, "Juma'a." Na san shi, in ya sa rana ya sa ke nan. Tsorona ɗaya ne, ya buɗe akwatin nan ya ga aikin shekara arba'in ya watse, jininsa ya hau, in rasa shi saboda kunyar da na ji ta mutane.

Na bar shi da ƙanwarsa na shiga gari bin kaya. Kwana biyu ina yawo a rana. Wani ya ce ai ya maido, sai dai in na manta. Wani ya ce ƙanensa ya tafi da shi ci-rani Najeriya. Wani mai garka ya nuna mini tabki da hannu ya ce can ya faɗa, kamar in cire zane in shiga in lalubo. Wanda ya ari gudumar kuwa cewa aka yi ya koma garin Gabi. Abin da na samo duka awartaki ɗaya ne mai sakakken baki, shi ma ba zan rantse namu ne ba. Na dawo gida ƙafa a kumbure, raina a ɓace, har na fara jin haushin kifin da suka kawo.

Ran Talata na kwance ɗan abin da nake tarawa don gyaran rufin madafa, na hau taksi zuwa Maraɗi. A hanya na rubuta sunayen kayan a takarda, ina tuno su da muryar waɗanda suka ara. Na fara zuwa wajen masu tsofaffin ƙarafa, don tsoho nake so, wanda zai yi kama da nasa. Ashe mai aiki ba ya sayar da kile mai kyau. Duk wanda na ɗaga sai in ga bakinsa ya buɗe ko ya tsage. Na zaga har ƙafa ta ƙi, sannan na faɗa shagon wani dattijo Bakatsine mai sayar da sababbi, na zauna a bencinsa tun kafin ya ce in zauna.

"Sannu Hajiya. Mi za a ba ki?"

Na karanta masa takardata. Ya yi dariya ya ce, "Ku ku ce kile, mu mu ce sifana, duk noti guda suke kwancewa. To wane iri? Akwai mai kyau, akwai mai kama da mai kyau."

Na ce ni duk ƙarfe nake gani. Sai ya ɗauko biyu ya saki ɗaya a kan siminti, ya yi ƙara mai tsawo, tas. Ya saki ɗayan, ya yi tim ya yi shiru. Ya ce, "Kin ji? Na farin shi za shi binne mai shi. Na biyun, noti guda mai taurin kai ya ishe shi."

"Alhaji, ba ni mai ƙarar."

"Wace lamba?"

Nan na tsaya. Goma da sha uku kawai na riƙe. Ya ce to in ɗauki jeri gaba ɗaya, daga shida har ashirin da huɗu, ba abin da zai ɓace mini. Na ga hankali a maganar. Ya haɗa mini da turnabis huɗu, da filaya, da guduma, da magagari. Ya yi lissafinsa da naira a baki, ya juya shi dala, kuɗinmu na nan, muka ja kaɗan, ni ba ni da ƙarfin ciniki ranar. Da yana ɗaure kayan ya tambaye ni ko ɗana ne zai buɗe wajen aiki. Na ce na maigidana ne. Ya ce Allah ya sa a mora, na ce amin. Kayan nan na rungumo a cinya har Madarumfa, nauyinsu ya kashe mini ƙafa.

Sauran aiki shi ne in tsufar da su. Na aika aka samo mini baƙin mai wajen masu gyaran moto, na kwaɓa da toka na shafe su. Na tona rairayin da ke ƙarƙashin randa, inda kullum yake da laima, na binne su kwana biyu don su yi tsatsa. Ranar Juma'a da safe na tono, na goge, sai ga su suna walƙiya kamar haƙorin Makka. Wuƙar girkina kwana ɗaya in ta yi a jiƙe ta yi ja, amma waɗannan da na biya kuɗi su yi tsatsa sun ƙi. Ƙotocin turnabis ɗin kuma roba ce ja da rawaya, nasa na itace ne. Na gurza su a dutse har yatsana ya fashe. Na zauna a bakin randa ina zagin ƙarfe, tsohuwar malamar lakkwal da jikoki.

Bayan an sauko daga masallaci na zaunar da shi a kujera cikin zaure, na jawo akwatin gabansa. Ya sa hannun hagu ya ɗaga murfin, murfi ya yi kukansa. Ni ina tsaye a bayansa da ƙwayar magani a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. "Sha shida," ya ce. "Shekara arba'in... ban gamu da notinshi ba." Ya aje. Ya lalubo kile goma ya shafa bakinsa da babban yatsa. Daga baya na san nasa ya goge shi da magagari ya yi siriri, don ya shiga wani lungu a jikin injin. Ya ɗora sabon a tafin hannunsa na dama, ya yi ƙoƙarin rufe yatsu. Kilen ya zame ya faɗi a siminti, ya yi ƙarar nan mai tsawo.

"Mai kyau ne," ya ce. Ya sunsuna yatsunsa. "Madam... toka?"

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na zabura na zagayo gabansa, ashe dariya yake da rabin baki. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na gajiya da na haushi. Na ce masa duk sun tafi, ni na bayar, ya yi mini abin da zai yi.

"Na sani," ya ce. Ya nuna kunnensa. "Baki ne ya mutu. Wanga bai mutu ba. Sau ashirin da ukku... murfi ya yi kuka."

Na ce to don Allah in ya sani, me ya sa ya bar ni ina yawo a rana kamar mahaukaciya? Me yake nema a akwatin da ya san ba komai?

Ya tattaro kalmomi ɗai-ɗai. "Na so in gani... ko da saura. Abin da za a zo nema." Ya dubi ƙofar zaure, inda ba kowa sai akuyar maƙwabta. "Tun da ya bar kuka... wa ya zo?"

Wata bakwai ina ɗaga murfin nan a hankali kada ya ji, ashe shi kukan yake jira. In ya ji, ya san akwai mutum a zaure, kuma can bakin tabki wani inji zai tashi da ƙarfensa.

Ya ce a bar akwatin nan zaure, kada a mayar gareji. Wanda duk ya zo aro, ya zauna ya gaya masa abin da ke damun injin tukuna. Na ce masa ban yarda ba. Na ce mutanen da suka kwashe shi yana kwance ba su cancanci ko ƙusa ba, kuma kuɗin rufina ne a ciki. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in ɗauko masa hularsa.

Ban san wa ya kai labari ba, amma kafin sati ya zagayo sun dawo, har da wanda ya nuna mini tabki. Sukan tsuguna gabansa suna kwaikwayon tarin inji da baki, shi kuma yana saurare, ido a rufe, sai ya ce "buji" ko "iska yake sha," ya nuna akwati da haɓa. Wani lokaci su yi awa guda ana musu. Ranar da aka yi haka yakan cinye tuwonsa, maganarsa ma ta fi fita. Ni ce mai kawo tabarma da ruwan sha, ina gaishe su, raina bai so ba. Har yanzu ban yafe musu ba, kuma na gaji da yin kamar na yafe.

Kile goma ne ya fara tafiya, da alkawarin la'asar. Damina ta zo ta same ni ina tara roba a madafa saboda yoyo. Jiya da na share zaure na leƙa akwatin, saura guda biyar, ciki har da sha shidan da ba mai so. Na fara ɗaure ɗan abin da zan koma da shi wajen Bakatsinen nan kafin su ƙare, wannan karon na san lambobin da zan ce. Murfin kuwa ban ɗiga masa mai ba.