Kwabar da za ni kai wa Hadiza ɗaki

Ku gafarce ni 'yan uwa, ba halina ba ne damun mutane da lamarin gidana, amma yau dole ta sa.

Ina tsaye a tsakar gida gaban tsohuwar kwabata ta jera kwanoni, rolar fenti a hannu, sai ga ƙanena Bello ya dawo daga kasuwar Isa. Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, abin da muka tanada don sabuwar kwabar auren ɗiyata Hadiza duk ya tafi ga abinci. Shi ya sa na ce bari in yi wa tawa fenti a kai mata. Na shafa, ta bushe, sai ga jikinta layi-layi kamar kunyar gona.

Bello ya duba ya ce, "Yaya, cikin rana kika yi, kuma kika danne rolar, ko?"

Na ce, "Awo. Tsoro nike kar fentin ya ƙare."

Ya yi dariya. "To rowar da kika yi mishi ce ta hito hili. A inuwa ake yi, hannu sake, daga sama zuwa ƙasa. Inda ya soma bushewa kuma ba a komawa."

Hadiza ta ce ba komai, haka ma ta gode. Amma na san dangin miji, ranar jere sai sun shafa kwabar nan da hannu, kuma ba na son ɗiyata ta sunkuyar da kai.

Fentin da ya rage na shafa ɗaya ne, ba damar kuskure. In goge layin da samfefa tukuna, ko in ɗora a kai haka? Don Allah wanda ya sani ya amsa mini da wuri, Alhamis za a yi jeren.