Wuƙar Kawu Ilu a Ɗakin Jego

A Daura ta yau, idan aka tare mota a hanya aka laluba aljihun mutum aka ci karo da wuƙa, sai ya yi dogon bayani kafin a sake shi, abokan tafiyarsa ma su riƙa yi masa kallon ɗan daba. A ƙauyenmu na kusa da Sandamu, lokacin da nake yaro, wanda ake yi wa kallon mamaki shi ne magidancin da ya fita gona ko kasuwa ba 'yar wuƙa a jikinsa. Ba ta faɗa ba ce. Kamar hula take, an saba da nauyinta har an manta da ita.

Daminar shekarar da aka sa ni makarantar boko, wata ranar Laraba da la'asar, na fita kiwon maraƙinmu a gefen gonar gero. Al'adarmu ce mu yara mu ɗaura igiyar dabba a ƙugu, don hannuwa su samu sararin harbin ƙadangaru da danƙo ko gina shanun laka. Hadari ya taso daga gabas ban kula ba. Tsawa ta fashe, maraƙin ya zabura, sai ga ni a ƙasa yana ja na cikin ƙarangiya da ruwan da ya kwanta a kunyoyin gona. Ina ta yaƙushin ƙullin, amma ya ɗame ya zama kamar dutse, numfashina ya tsaya a ƙirji. Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, yana noma a gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Ya yar da fartanya ya tsallako kunyoyi, ya faɗa kan igiyar, na ga wani abu ya walƙa a hannunsa, shi ke nan na ji ƙasa ta daina gudu. Da ya tashe ni zaune yana zare mini ƙarangiya daga ka, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗan Yaya, igiyar da ta ɗame ba a tsayawa kwance ta. Yankewa ake yi."

Wuƙar ba ta kai tsawon tafin hannunsa ba. Mai naɗewa ce, mariƙinta na ƙaho, ya sayo ta a kasuwar Mai'adua tun yana saurayi, yawan wasawa ya sa bakinta ya rame. Da ita yake raba goro a majalisa, da ita yake feƙe mana alƙalamin kara mu tafi da shi makarantar allo, da ita yake ciro ƙayar aduwa daga tafin ƙafarmu yana ba mu labari don kada mu yi kuka. Ya taɓa yanka ragon wani baƙo da ya faɗi a hanyar Daura yana shure-shure, ragon bai zama mushe ba, mai shi ya tafi da namansa halal yana ta sa albarka. Akuyar da ta shaƙe kanta a turke, takalmin da ya tsinke, rigar yaron da ta maƙale a shinge, duk Kawu Ilu ake kira. Ban taɓa ganin ya tashi daga zaune bai shafa aljihunsa na dama ba.

Da rani ya zagayo, matarsa Abu ta haifi 'yarsu ta fari. A garinmu ba a barin jariri ba ƙarfe a kusa da kansa. Ana tura wuƙa ƙarƙashin matashi don mutanen ɓoye kada su matso, musamman idan mai jego ta fita wanka. Kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, ta ce ba za a sa wuƙar girki mai warin albasa a kan jikarta ba, ta uban ita ce daidai. Ina tsaye a tsakar gida ta tare shi ta miƙa hannu.

"Haba Iya," in ji shi yana dariya, "aljanin da zai ji tsoron wannan 'yar abar ai ba aljani ba ne, ɓera ne."

"Miƙo nan, ja'iri. Kai ma da ta ubanka muka tsare ka, ga ka nan har ka yi gemu. Ranar suna ka karɓi abarka."

Ya miƙa mata. Ya shafa aljihun da ba kome, ya ce jikinsa ya karkace gefe guda, matan gida suka yi ta dariya.

Rijiyar garinmu mai zurfi ce ƙwarai, da rani ba a iya jan babban guga da hannu. Sa ake ɗaura wa doguwar igiya, yaro ya ja shi ya yi nisa har gugan ya iso baki, babba ya cafe ya juye a kwami, sannan a dawo da san, igiyar tana taruwa a ƙasa tana naɗewa. Ana gobe suna, da hantsi, muka je ɗebo ruwan taro, ni ina jan san, Kawu yana bakin rijiya. Mun dawo ke nan igiya ta taru a gindin ƙafafunsa, zirnaƙo ya harbi san a kunne. Ya fizge ya watsar da ni gefe, ya yanki daji. Igiyar ta tashi daga ƙasa kamar mai rai, ta zarge idon sawun Kawu, ta fyaɗa shi da ƙasa.

Na tashi na bi su da gudu. Kawu yana jan ƙasa da baya cikin tushiyoyin dawa, bai yi ihu ba, bai ruɗe ba. Na ga ya lanƙwasa jikinsa ya kamo igiyar da hannun hagu, hannunsa na dama ya tafi aljihu. Ya shiga ya fito. Ya sake shiga. Sannan ya ɗago kai ya dube ni. Waɗanda ke bakin rijiyar mata ne da yara, masu tulu da ƙwarya, ba mai ko reza. Kafin maza su fito daga gari san ya kai shi kan duwatsun bakin fadama. Da yamma aka yi masa sutura. Washegari liman ya raɗa wa yarinya suna Hadiza, ba kiɗa, ba guɗa, mutanen da suka zo barka su ne suka zauna gaisuwa.

Ba wanda ya ɗora wa Iya laifi, ajali ne, kowa ya faɗa. Ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai dai ni na gan ta ta shiga ɗakin Abu ta zaro wuƙar daga ƙarƙashin matashi, ta tsaya tana juya ta a tafin hannu kamar ba ta san mece ce ba.

Da na girma na yi yawon duniya. Na zauna da Buzaye a Agadas masu ɗaura wuƙa a damtse, na ga irinta a hannun makiyaya a Sudan. A wani ƙauye a Faransa wani tsoho ya zaro tasa mai naɗewa ya yanka mini burodi, ya goge ta a wandonsa daidai yadda Kawu ke yi. Na tambayi sunan wuƙa a duk harshen da na koya, na kuma tarar kusan ko'ina mutane suna da abin da suke ajiyewa kusa da jariri don tsoron abin da ba a gani. Ban yi wa kowa dariya ba. Tawa wuƙar an karɓe ta a filin jirgin sama, an jefa a kwando, na wuni ina shafa aljihu. Har yau idan na ga mutum ya tsaya a titi yana laluben wayarsa, hannu ya shiga ya fito ya sake shiga, sai in kau da kai.

Hadiza tana aure a Mai'adua, ta yi jikoki, wuƙar tana cikin adakarta. Bara na je barkar haihuwar jikarta. Aka miƙo mini jaririn, na faki ido na ɗaga gefen matashi, sai na ga tsohon makulli. Ta lura da ni, ta ce, "Yaya, ƙarfe dai ƙarfe ne." Rijiyar kuwa an rufe bakinta da siminti, yanzu famfo ake bugawa, yaran garin ba su san sa yana jan ruwa ba. Tun daga wancan rani, a zuriyarmu ba a sake karɓar wuƙa daga aljihun namiji an kai ta ɗakin jego ba.