Tokar da ke Ƙafar Balaraba

Wata Asabar da hantsi, a kakar da na shiga aji shida, na fara ganin Balaraba. Ina ɗauke da kwanon toka zan shiga filin makarantarmu a Kazaure, sai na hango wata doguwar yarinya tana zagaye filin ita kaɗai, ta ɗaure ɗankwali tamau, ƙafa ba takalmi. Ba irin gudunmu na haki da wurga hannu take yi ba, kamar ƙasa ce ke miƙa ta gaba. A lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar yayata a bayan rumbu, don haka nan take na naɗa ta tauraruwa, na kuma yanke mata ƙarshe mai daɗi. Daga baya na ji daga wani ƙauyen Gwiwa aka kawo ta riƙo wurin gwaggonta.

Ƙungiyar guje-gujen ta Malam Isiyaku ce, tsohon malamin motsa jiki wanda ya yi ritaya amma ya kasa rabuwa da usur. Ba mu da abin zana layi sai toka. Ranar Juma'a mu kwashe murhun iyayenmu, mu tankaɗe gawayin, Innata tana mita: "Tokar wanke tukwanen ce kuka mayar abin wasa?" Dokokin Malam kaɗan ne. Ba zagi, ba bangaza, kuma wadda ta zo ta ɗaya ita ke kai wa ta ƙarshe ruwa a moɗa. Kafin tsere mu goge ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma, bayan tsere mu zauna mu miƙe su, ya bi yana duba tafin. Wadda aka ga toka a ƙafarta ta taka layi, gudunta ya tashi a banza. "Baki ya iya ƙarya," in ji shi, "ƙafa ba ta iya ba."

Bayan an gama sussuka labari ya zo cewa za a yi gasa a Dutse, yarinya ɗaya za a ɗauka daga cikinmu, kuma waɗanda suka yi fice za su sami gurbi a makarantar kwana. Ga Balaraba wannan ce kaɗai ƙofa, domin gwaggonta ta ce in ta gama aji shida ƙauye za ta koma.

Ranar zaɓe ta ba mu rata mai yawa. A kwanar ƙarshe wani ɗan akuya ya gifta, ta kauce, ta ci gaba, ta riga kowa. Ni ce ta biyu. Malam ya kawar da kai ya ce, "Rana ta yi zafi, yau ba sai an duba ba." Muka fara watsewa, ita kuwa ta zauna ta miƙe ƙafafunta. Na raɗa mata, "Ke, tashi mana." Ba ta ko kalle ni ba.

Ta ce, "Malam, ba ka duba ba."

Tokar tana nan fara fat a dunduniyarta ta hagu. Malam ya ce, "Ɗan akuya ne ya gifta, 'yata."

"Makon jiya ma Ladi tuntuɓe ta yi, ka fitar da ita."

Sai ya kira sunana, ni ce zan je Dutse. Balaraba ce ta ɗebo ruwan, ta danƙa mini moɗar, ta nuna wadda ta zo ƙarshe. "Ke ce ta ɗaya. Kai wa Ladi."

A Dutse tun zagayen farko aka fitar da ni. Har muka dawo Malam yana kallon tagar mota.

Yanzu an gina shaguna a gefen filin, Malam ya rasu, yara suna gudu da takalmi, ba mai duba ƙafar kowa. Balaraba ta koma ƙauye kamar yadda aka ce. Na gan ta bara a kasuwar Babura tana auna gero, tana jan ƙafar hagu. Babur ne ya kaɗe ta a hanyar iyaka. Na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani. Ta cika mudun ya yi tozo, ta ce, "Ai na taka." A littattafan yayata irinta ce ke dariya a shafin ƙarshe, ni kuwa har yau ban iya kwashe murhu ba tare da na tsaya ba.