Daga Ikko Zuwa Sawakin a Tsakar Gida

Yayana Abdulmumini ya shekara ashirin da biyu yana shirin tafiya guda ɗaya. A duk tsawon lokacin nan, wuri mafi nisa da na san ƙafarsa ta taka shi ne Kusuri, tsallaken gada, inda yake zuwa sayen kayan gyaran mota ya dawo kafin la'asar. Ni ce ƙanwarsa Azumi. Tun da mijina ya rasu na dawo ɗakin da ke kusa da zaure a gidanmu na unguwar Gardole a nan Injamena, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Na ce gidanmu, kuma da Yaya zai ji ni da ya gyara mini. A wurinmu ba a cewa gida, masauki ake cewa. Abin ya samo asali ne daga kakanmu Malam Zakiru, mutumin ƙasar Katsina. Yana saurayi ya je Ikko ya yi dako a bakin teku, a can ya ɗaura niyyar zuwa Makka da ƙafa. Ya yi ta tafiya har ya iso garin nan, lokacin ana ce masa Far Lami, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya tsaya damina ɗaya ya yi ɗinkin hula. Damina arba'in da ɗaya ya yi. Ya yi aure, ya haifi babanmu, ya ga jikoki, amma har ya koma ga Allah bai yarda cewa zama ya yi ba. Sandarsa da gorarsa suna rataye a zaure, daidai inda hannu zai kai ba sai an yi miƙa ba. Ya hana a dasa itace a tsakar gida, ya hana a sa bulo ko siminti. Gini sai na laka, wanda in tafiya ta tashi ba zai riƙe zuciyar mutum ba. Babanmu ya gaji sandar da gorar da hanin gaba ɗaya, shi ma ya mutu bai je ko'ina ba. Daga nan suka faɗo hannun Yaya.

Kada in zalunce shi, Yaya ba rago ba ne. Bakanike ne, kuma Allah ya yi wa hannunsa albarka. Direbobin Abece da na Mundu sukan baro garejin da ke kusa da su, su zo har Gardole don kawai ya kasa kunne ya saurari injinsu. Ba ya cutar kowa, ba ya ɗaga murya. Sai dai duk direban da ya kawo masa mota sai ya sha tambaya: ina kwalta ta ƙare, wace gada ce ruwa ya cinye, ina ake samun mai, a wane gari ake kwana lafiya.

A shekarar 2002 ya jawo wata matacciyar Fijo mai dogon baya, ya sa aka turo ta tsakar gida. Ranar ce ya bayyana mana shirinsa. Shi ba daga nan zai ɗora ba kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Zai koma baya har Ikko, ya sa ƙafarsa a ruwan da Kaka ya yi niyya a bakinsa, sannan ya juyo ya bi zango zango har Sawakin, bakin Bahar Maliya, inda alhazan da suke hawa jirgin ruwa. Daga teku zuwa teku. Ya samo wata ƙatuwar taswira mai rubutun Faransanci ya manna a bangon zaure, ya ja layi da jan biro.

Matarsa Ummu Salma 'yar unguwar Bololo ce. Su ma kakansu hanyar Makka ce ta ajiye shi a nan, amma babanta ya daɗe da yin ginin siminti, kuma ban ji an ce sama ta faɗo masa ba. Mace ce mai yawan dariya, tana toya kisar, wainar nan ta mutanen gari mai faɗi da laushi, tana sayarwa a ƙofar gida. Da farko ita ce ta fi kowa son tafiyar. In an yi la'asar Yaya ya ɗora shayi a zaure, sai ta zo ta tsaya bakin ƙofa da ludayin ƙullu a hannu tana saurare.

"A Kano kwana uku za mu yi," in ji shi, yana bin layin da yatsa. "Za mu hau Dala, mu je marinar Ƙofar Mata ki ga inda ake rina shuɗi. A Yarwa kwana ɗaya ya isa. Nan Injamena kuwa wucewa za mu yi, ko tsayawa ba zan yi ba."

"Ko ruwa ba za mu sha a wurin Azumi ba, Malam?"

"Ta miƙo ta taga. Sai Abece, sai Adare, mu shiga Sudan. A Hartum zan kai ki inda koguna biyu suka haɗu, ki ga fari ki ga baƙi suna tafiya tare."

"Sahi?" ta ce, wato da gaske, idanunta suna ƙyalli.

"Sahi. Ke kwanciyarki kawai za ki yi. In mun iso wurin kallo in tashe ki."

Maganar kwanciyar ba wasa yake yi ba. Ummu Salma tana da ciwon baya tun haihuwar 'yarsu Balkisa, don haka ya cire kujerun bayan Fijon, ya shimfiɗa katako, ya yanko katifa daidai tsawonta. Har gwada ta ya yi da igiya, tana dariya tana cewa ya bari kada maƙwabta su gani. Ya sa labule a tagogi saboda rana. Na tuna na ce a raina, wannan mata ta yi sa'ar miji.

Mota ta tashi cikin shekara ɗaya. Sai gabas ta rikice da faɗa, direbobi suka ce hanyar Junaina, wadda ake bi a shiga Sudan, ba ta biyuwa. Yaya ya ce a jira. Da gabas ta ɗan lafa, sai garin nan kansa ya sha harbe-harbe, aka koma gyaran rayuwa. Da muka farfaɗo, sai yamma ta kama, ba mai bi ta Gamboru sai wanda ya gaji da ransa. Ya sauke taswira ya ja sabon layi ta Garwa da Yola. Yana gama wannan, sai taya ta tsufa a tsaye, ya canza. Batir ya mutu, ya canza. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan tayar da injin, ya bar shi yana aiki minti goma, ya kashe, ya goge ƙura, ya rufe. Kaji sun san ƙarar har sun daina gudu.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram, Alhaji Falalu, wanda Yaya ya yi shekara da shekaru yana gyara wa manyan motoci. Wata shekara ya zo har zaure ya ce ya yi masa alkawarin kujerar Makka ta jirgin sama, shi da iyalinsa. Ni da Ummu Salma muna bayan labule, ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Yaya ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce, "Alhaji, Kaka ta ƙasa ya yi niyya. In na tsallake ta sama, hanyar tana nan inda ya bar ta." Ranar Ummu Salma ba ta toya kisar ba. Daga ranar kuma ban sake ganin ta a bakin ƙofar zaure lokacin shayi ba.

Abin da take roƙo bayan haka ba Makka ba ne, ba Hartum ba ne. Ɗaki ɗaya ne na bulo. Ɗakinta na laka tun na Kaka ne, bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, kana iya zura hannu. Maƙwabta duk sun yi siminti sun ɗaga ƙasarsu, ruwan unguwa kaf ya koma gangarowa wurinmu. Duk damina sai ta jera kwanoni a ƙasa tana tarar yoyo. In ta yi magana, amsa ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, Ummu. A kan hanya muke. Wa za mu gina wa?" Sai ya kwaɓa laka ya lafta a tsagar, ruwan farko ya wanke.

Wata rana na kasa riƙe bakina. Na ce, "Yaya, wace hanya? A nan aka yanke maka cibiya, a nan furfura ta same ka. Kabarin Kaka da na Baba duk a garin nan suke."

Ya dube ni kamar na zagi iyayenmu. Ya ce, "Azumi, in mun gina, mun ce Kaka ƙarya ya yi ke nan." Bai sake yi mini magana ba har kwana huɗu.

Shafi'u mijin Balkisa, wanda yake zaune a unguwar Mursal, yaro ne mai kunya da hankali. Ya ga halin da ɗakin surukarsa yake ciki. Farkon bazarar 2023 sai ga amalanke uku na bulo da buhunan siminti a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga wannan a taɓa ɗakin Inna." Yaya ba zai iya mayar da kyautar suruki ba, ya sa masa albarka. Ummu Salma ta yi ta shafa bulon nan da tafin hannu, ta ma zaɓi inda taga za ta kasance. A makon ne yaƙi ya ɓarke a Hartum, hanyar gabas ta sake rufewa. Yaya ya zauna gaban rediyo kwana biyu, sannan ya ce tunda jiran zai yi tsawo, dole a tsare motar daga ruwa.

Ummu Salma ta tafi Bololo suna, ta yi kwana uku. Da ta dawo ta tarar da dakali mai tsawon gwiwa a tsakar gida, an shafe shi da siminti sumul, an yi masa gangara, an kafa rumfar kwano a kai. Fijo tana bisa. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba a gidanmu, kuma ban taɓa jin na tsani wani abu kamarsa ba.

"Malam, ina bulona?"

"Wannan ba gini ba ne, Ummu, kayan tafiya ne. In watir ta lalace, da me za mu je?" Watir yake ce wa motar, kamar kowa a garin nan.

Ta ce, "Kalas," ta shige ɗakinta. A bakin mutanen garin nan kalmar tana nufin an gama, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Ni ma da laifina. Ɗakina na kusa da zaure ya fi nata ƙwari, na ce ta dawo wurina, ta ce mace ba ta barin ɗakinta, ni kuma ban matsa ba. Wannan yana cin raina har yau.

Daminar 2024 kowa ya san yadda ta yi. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, tsakar gida ta koma tafki, abin da ya fito sama kawai dakalin nan ne. Rana ta uku da la'asar muna tsugune a rumfar, ni da ita, domin nan ne kaɗai busasshen wuri. Yaya yana goge feshin ruwa daga gilashi. Sai ta tuna ta bar buhun garin kisar a ƙasa a ɗakinta. Na ce ta bar shi. Ta ce yanzu za ta fito, ta tattare zane ta shiga ruwan.

Ba wata ƙara mai ƙarfi aka yi ba. Bangon gabas ya zauna ne kawai, rufin ya bi shi. Yaya ya yi ta tonon laka da hannu har faratansa suka fita, yana kiran sunanta, maƙwabta suka tsallako katanga da shebur. Da aka kai gare ta, rai ya riga ya yi halinsa.

Washegari da safe muka yi mata wanka, muka sa ta a likkafani. Motar da ke ɗaukar gawa a unguwa ta kasa shigowa, injinta ya sha ruwa. Maza suka tsaya cirko-cirko a zaure ana shawara, domin maƙabartar Lamaji ba kusa ba ce. Sai Yaya ya ce a hankali, "Akwai watir."

Murɗawa ɗaya ya yi ta tashi. Ta sauko daga dakalinta, aka buɗe bayan, aka zura Ummu Salma a kan katifar da aka yanka da awonta. Ta zauna daidai, ko yatsa ɗaya bai rage ba. Wani ya ja labulen taga. Mu mata ba ma bin gawa, don haka a ƙofar gida na tsaya riƙe da Balkisa, muna kallon Fijo tana keta ruwa a karon farko cikin shekara ashirin da biyu, har ta sha kwana.

Ranar addu'ar uku, bayan masu gaisuwa sun watse, na same shi a zaure ƙarƙashin taswirarsa. Ya rame, yatsunsa duk a ɗaure da tsumma. Na yi zaton yau zai faɗi abin da nake jira, na ma shirya in yafe masa. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ni.

"Azumi," ya ce, "kin san har Lamaji da dawowa, injin bai yi zafi ba ko kaɗan."

Na miƙa hannu na sauke sandar Kaka daga inda take rataye, na fita da ita tsakar gida, na tokare ragowar bangon ɗakin Ummu Salma don kada ya faɗo wa kaji. Tana nan har yanzu, kuma bai tambaye ni ba.